Babi na Huɗu: Haki, Kusu da Igiyar Ƙasa

Gulbin Zamfara ba shi da tsibiri irin na taswirar makaranta, mai suna da iyaka. Abin da yake da shi tudun yashi ne da laka, wanda ruwa ke tarawa a inda ya karya kwana, ya ba ciyawa da itace aro, ya dawo ya karɓe kayansa duk shekarar da ya ga dama. Tun daga ƙasar Anka, ka biyo ta Bukkuyum da Gummi, har gulbin ya gangara Jega a Jihar Kebbi ya je ya zuba a Gulbin Sakkwato, irin waɗannan tudun ba su ƙirguwa. Da rani ko yaro na naɗe wando ya taka zuwa cikinsu. Da marka kuwa, in babu jirgi, sai dai ka tsaya a gaɓa kana hangen kawunan itatuwa.

Ɗaya daga cikinsu, can gabas da Gummi, shi na mayar makarantata. Na kwana a kansa da kaka, na koma da ɗari, na sake leƙa shi da bazara lokacin da yashi ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ba wani girma gare shi ba. In ka tashi daga kansa na gabas kana shan rake, kafin ka gama gaɓa uku ka kai wutsiyarsa ta yamma.

Wani dattijo Basarke ne ya fara ƙetarar da ni. Da ya ga ba ni da koma, ba ni da fartanya, sai jaka da tocila da ɗan littafi, ya kasa haƙuri.

"Malam, mi kaka biɗa cikin haki? Ba kifi, ba gona."

Na ce, "Baba, ɓeraye da macizai na zo gani."

Ya tsayar da sandar tuƙi ya dube ni, irin kallon da ake yi wa ɗan mutunci da boko ya taɓa. Can ya ce, "To, in rana ta hwaɗi kada ka kira sunanta. Igiya aka cewa." Wannan ba baƙon abu ba ne gare ni, don a Zugu, wajen dangin mahaifiyata, haka na taso na ji manya na cewa igiyar ƙasa da dare. Na bi umarninsa, kuma tun daga ranar na ari kalmominsa: haki a maimakon ciyawa, kusu a maimakon ɓeran Kanawa.

Wanda ya zo neman dabba a irin wannan wuri, da tsiro zai fara, don tsiro ba ya gudu. Kuma a tsibiri tsirrai ba su fitowa barkatai. Sahu-sahu suke, kowane sahu gwargwadon kwanakin da yake iya jurewa ƙafarsa na cikin ruwa. A bakin ruwa burugu ne, mai taushin kara da ɗan zaƙi, wanda saboda shi Fulani ke kora shanu su yi iyo su ƙetaro. A 'yan kududdufan da gulbi ya bari a baya akwai bado da kainuwa. Daga nan sai gumbi, ƙayar nan da ganyenta ke rufewa in ka taɓa shi. Gumbi kan yi sarƙaƙiyar da ko kare ba ya son kutsawa, kuma nan ne birnin kusu mai ganuwa. Bayansa duman kada ya shimfiɗu a kan yashi, kore shar, don dabbobi na ƙyamarsa. Sai jema, wadda saiwarta ke riƙe gaɓa kamar an ɗinke, shi ya sa manoman fadama ke dasa ta a iyakar gona. Can sama, inda ruwa ba ya daɗewa, gamba da tofa ne, sannan ɓaure guda da kanya biyu a ƙololuwar tudun, da wani tsohon suri a gindinsu.

Itacen da na fi girmamawa a wurin giyayya ce. Takan yi wata da watanni tsaye cikin ruwa ba ta ce uffan ba, kuma ita ce ke riƙe da tarihin ambaliya. Ɗaga kai ka duba rassanta: inda ka ga yayi da busasshen kara da tsohuwar leda sun maƙale a layi guda, nan ruwan bara ya tsaya. Da na miƙa hannu ban kai layin ba, na gane cewa inda na shimfiɗa tabarmata kifi ne ke yawo watanni uku da suka wuce.

Da kaka duk wannan hakin ke zubar da iri. Ƙasa takan cika da tsaba, ga shinkafar da masu ƙarfin hali suka shuka a gefen laka, ga ɗan dankali da wake. Daga nan lissafin yake farawa.

Kusu ba ya tsayawa a kalle shi, saboda haka dabara ake yi. Da almuru nakan sami reshe in share yashin da ke tsakanin gumbi da gona, in lallaɓe shi ya yi sumul kamar allon da aka wanke. Da asuba, kafin iska ta tashi, sai in zo in karanta abin da dare ya rubuta. Ƙananan sawu masu yawa da siririn layin wutsiya a tsakiya, kusu ne. Sawu irin wannan amma babba, mai nauyi, gafiya ce ta fito daga raminta na gindin suri. Gyazbi ba sai ka ga sawunsa ba. Yakan bar karan burugu a yanke a karkace kamar an sa wuƙa, da tarin guntaye da kashinsa a inda ya zauna ya ci. Guza na jan wutsiya ta bar kwari tsakanin manyan faratanta. Kurege kuwa ba ya cikin 'yan dare. Da hantsi yake fitowa a kan tudu ya tsaya da ƙafa biyu yana duban ka kamar kai ne baƙon, kuma gaskiyarsa.

A hankali na lura kusun ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kauri, mai gashi kamar an barbaɗa barkono da gishiri, wanda ke fitowa da rana tsaka. Shi ne ke yin 'yan hanyoyi a ƙarƙashin haki, tsaf-tsaf kamar an share, daga rami zuwa wurin ci. Akwai kuma na dare, mai laushin gashi, wanda bai bambanta daji da ɗaki ba: yau yana cikin gumbi, gobe yana cikin rumbu. Masana na kiransa Mastomis, kuma in ka juya macen za ka ga dalilin da ya sa ya gagari manomi. Nonuwa gare ta jere biyu, har sukan kai 24. Cikinta sati uku ne da 'yan kwanaki, takan zubo 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa guda, kuma kafin damina ta zagayo 'ya'yan sun zama kakanni. Shekarar da ruwa ya yi kyau bayan fari, abin kan wuce misali. Haka aka gani a Senegal da wasu sassan Sahel a 1975 zuwa 1976, bayan babban farin farkon shekarun 1970, aka sake gani a 1986 zuwa 1987. Wannan kusun dai shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Ta fitsarinsa da kashinsa take shiga abinci. Duk wanda ke shanya garin rogo ko tsaba a ƙasa ya bar shi ya kwana a buɗe, ya san da wa yake cin tuwo.

Jaɓa da bushiya, da yara ke haɗawa da kusu su jefa, ba danginsa ba ne ko kaɗan. Ƙwari suka fi ci, ba tsaba ba. Ita kuwa gafiya da muke tona mu gasa, 'yar uwarta ta Gabashin Afirka aiki take yi da albashin ayaba: a Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO na horar da ita ta shinshino nakiyoyin da aka binne da cutar tarin fuka a majina. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, har lambar zinare aka rataya masa a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Da na ba Baba wannan labari ya yi dariya har ya kusa kifar da mu, ya ce Turawa ba su rasa abin yi.

A kan allon yashin nan na fara ganin sawun kasa kafin in ga ita kanta. Sauran macizai lanƙwasa suke yi, sawunsu ya fito kamar igiyar da aka yar. Na kasa miƙaƙƙe ne, mai faɗi, kamar an ja buhu, da ɗan layin wutsiya a tsakiya, don da ɓawon cikinta take jan jiki kamar tsutsa. Na bi shi har ya ɓace a gefen wani tarin bambaron shinkafa. Na duba, ban ga komai ba. Na zauna nesa kaɗan na buɗe littafi ina rubutu, na yi shafi guda cur, sannan na ɗaga kai. Abin da na ɗauka busasshen ganye ne da inuwar kara, sai na ga yana da ido.

Ban san lokacin da na tashi ba. Ita ko motsi ba ta yi ba.

Bahaushe na cewa wane ya yi barcin kasa, amma na yi imani wanda ya fara faɗin haka bai tsaya ya dube ta da kyau ba. Kwanto take yi. Takan zaɓi bakin ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin kusun nan ta kwanta, kwana da kwanaki, wani lokaci makonni, ba ci ba motsi. Ranar da rabo ya biyo ta hanyar, sara guda take yi cikin ƙiftawar ido, ta saki, ta bar dafi ya yi aikinsa, sannan ta bi sawu da harshe ta haɗiye. Ɓuyanta bai tsaya ga ido ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu sun horar da karnuka su gano macizai ta wari. Karnukan sun gano wasu macizan ba wahala, amma da aka zo kan kasa sai suka koma cankar banza, kamar babu komai a wurin. A jami'ar dai, a 2025, Farfesa Graham Alexander ya nuna cewa in abinci ya yawaita kasa na iya cin ninki 12 na abin da take buƙata don ta rayu, ta tara kitse, sannan ta yi watanni ba ta ci ba. Ka auna wannan da haihuwar kusu. Kyanwa in ta ƙoshi ta ƙoshi. Kasa kuwa cikinta na buɗewa daidai lokacin da kusu ya yi yawa, kuma ba ta mutuwa in ya yi ƙaranci. Ita ma ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi, 'ya'ya 20 zuwa 40 a lokaci guda, kowanne da dafinsa tun ranar farko.

Kada mai karatu ya ɗauka yabonta nake yi har in manta halinta. Rashin gudun nan nata shi ne ke sa a taka ta, kuma dafinta kumbura nama yake yi ya ruɓar da shi. Mutane da yawa sun tsira da rai amma sun bar ƙafa ko yatsu a asibiti.

Kububuwa ba ta cika son laka ba. Ta fi son busasshiyar ƙasa mai tsakuwa da gonakin tudu, shi ya sa a tsibirin sau ɗaya na gamu da ita, a gindin kanya, da bazara. Ba ta kai kamu biyu ba. Da na matso ta naɗe jiki tana goga ɓawonta da juna, yana ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Wannan 'yar ƙaramar ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a filayen Arewa, kuma wanda ya raɗa mata gobe da nisa ya san abin da ya gani. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai ga wurin saran bai taka kara ya karya ba, ya koma gida, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi, ta tsohon miki, ta fitsari, wani lokaci ya zuba a cikin kai. A Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a shekarun 1970, likita David Warrell da abokan aikinsa suka daidaita wani gwaji mai sauƙi da har yau duniya ke amfani da shi: a ɗebi jinin wanda aka sara a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata. In bai daskare ba, dafi na aiki, allurar kashe dafi ake buƙata ba da ɓata lokaci ba.

Allurar ce matsalar. Asibitin da ya shahara da wannan aiki yana Kaltungo a Jihar Gombe, kuma daga Gummi zuwa can tafiya ce ta ƙetare Arewa kusan gaba ɗaya. An yi allurai musamman don macizan Nijeriya, irin su EchiTAb da ake haɗawa a Birtaniya da Kosta Rika, kuma masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero sun daɗe suna kiran a wadata asibitocin karkara da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017. Ƙiyasinta shi ne yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, kuma ta sa burin rage wannan da rabi kafin 2030. Kafin burin ya iso bakin gulbinmu, abin da ke hannun mutum kaɗan ne amma yana da amfani: kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a zauna jiran baƙin dutse ya ja dafi. A cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Na san masu magani na gargajiya da gardawa za su ce sun warkar da mutane da yawa. Ba na musu cewa mutanen sun tashi. Sai dai maciji da yawa ba su da dafin kisa, mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba komai ba, kuma duk waɗannan ana lissafa su cikin nasarar mai magani.

Kumurci shi ne ɗan yawon dare. Kwaɗi yake bi a bakin kududdufi, in ya samu hanya ya shiga akurki ya sha ƙwai. Shi ba ya jira a taka shi: yakan fasa kai ya feso dafi daga nisan taku biyu ko uku, kuma ido yake nema. Maganin wannan ruwa ne mai yawa, a yi ta wankewa nan take, sannan a nemi likita. Tsadaraki na gani kusan kullum, siriri mai zane, yana wucewa kamar an harba kibiya yana bin ƙadangaru. Mesa kuwa saɓarta kawai na tsinta a cikin gumbi, na auna ta da sandata sau biyu da ɗori, na bar wurin da ladabi.

Duk wannan zaman na lokacin da ruwa ya ja baya ne. Da marka lissafi kan rikice. Ruwa na hawa, ramuka na cika, sai kowa ya nufi sama: kusu, gafiya, kunama, kasa, kumurci, duk a ɗan abin da ya rage na tudu da rassan ɓaure. Baba ya ce a irin wannan lokaci Basarke ba ya ɗaura jirgi a gindin itace, kuma ba ya kama reshe da hannu sai ya buga shi da sanda. Macizai duka sun iya iyo, har kasa mai kama da turmi. Abin da ke faruwa a tsibirin shi ne ke faruwa da gari in ambaliya ta zo, don gari ma tudu ne. Mutanen Gummi sun ga haka a watan Agusta na 2024, lokacin da ruwa ya ci gidaje da gonaki masu yawa, kuma a watan Satumba na shekarar jirgin da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu na ƙetare ya kife da su, aka yi asarar rayuka da dama. Wanda ruwa ya kora daga ɗakinsa ya kwana a ƙasa a makaranta ko kan tudu, ya sani ba shi kaɗai ruwan ya kora ba. Gidan sauro da aka cusa ƙarƙashin tabarma, da tocila a hannu in za a fita da dare, sun fi laya.

Wata rana da ɗari na tarar da mai gonar shinkafar ya kashe kasa, wataƙila tawa ce, ya rataye ta a kan gumbi. A ranar kuma yake kukan kusu ya cinye masa dami. Na ce masa, "Yaya, ai mai gadinka ka kashe." Ya ce, "Malam, mai gadin da ka kashe ɗiyana, na yahe." Ban sami amsa ba, kuma har yau ban samu wadda ta gamsar da ni ba. Ni ma in na ga kububuwa a ɗakin da 'ya'yana ke kwana ba zan tsaya karanta mata lacca ba.

Amma akwai bambanci tsakanin ɗaki da daji, kuma wasu tsibirai na duniya sun nuna abin da ke biyo baya in aka cire ɓangare guda. A Benizuwela, da tafkin madatsar Guri ya cika a 1986, kawunan tuddai suka zama tsibirai. A ƙananan cikinsu dabbobi masu farauta suka ƙare, don wurin ya yi musu kaɗan. Mai bincike John Terborgh da abokansa suka bi abin shekara da shekaru, kuma rahotonsu na 2001 ya nuna ɓeraye da birai da tururuwa masu yankan ganye sun ninka na babban daji sau 10 zuwa 100. Suka cinye iri da ƙananan tsirrai, manyan itatuwa na mutuwa babu masu gadonsu. A tsibirin Guwam na Tekun Fasifik kuma akasin haka aka yi. Wani maciji mai hawan itace ya shigo cikin kayan jiragen soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya tarar da tsuntsayen da ba su san maciji ba, ya kusa ƙarar da na dajin duka. Da tsuntsaye suka tafi, itatuwan da suke baza wa iri suka rage haihuwa. Abin ya kai a 2013 Amurka na jefa matattun ɓeraye daga jirgi mai saukar ungulu, kowanne an cusa masa farasitamol, don maganin ciwon kanmu guba ne ga wannan macijin.

Tsibirinmu ya tsira daga irin wannan ne saboda ba a rufe yake ba. Rani na haɗa shi da gaɓa, sababbi su shigo. Damina na share shi, a sake sabon zubi. Ba a barin kowa ya yi sarauta ta daɗe. Abin da nake tsoro hannunmu ne. Yara kan cinna wa gamba wuta da ɗari don su kori gafiya, wutar ta cinye jemar da ke riƙe gaɓa. Maganin feshi na ƙona haki har bakin ruwa. Maganin ɓera da ake zubawa a gona ba ya tsayawa kan ɓera, yana bin cikinsa ya kashe mujiyar da ta ɗauke shi, ita da dama ba ta da masoyi a ƙasar Hausa, alhali a gindin ɓauren na sha farfasa ƙullin gashi da ƙashi da take amayarwa, ban taɓa samun komai a ciki ba sai kawunan kusu da jaɓa. Mujiya ƙwai kaɗan take yi, kusu kuwa mun ga lissafinsa. In aka kashe su tare, an san wanda zai fara dawowa.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin wannan kallon ba wasan ɗan boko ba ne, kuma dalilin a ƙasarmu ya faru. A farkon 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, agwagi suka fara mutuwa. Mutane sun gani, an yi zancen a bakin rijiya, aka wuce. Bayan 'yan watanni yara suka fara suma da farfaɗiya a Dareta, Abare, Yargalma, Tungar Daji, Sunke da Bagega. Sai da likitocin ƙungiyar MSF da masu binciken cibiyar CDC ta Amurka suka zo aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Agwagin nan da ke kiwo a ƙasa suna shan ruwan kududdufi su suka fara faɗin abin da ke tafe, kuma masu binciken da kansu sun rubuta haka daga baya. Idon da ya gani akwai shi. Wanda zai rubuta ya kai inda ya dace ne babu.

Ilimin nan yana nan a bakin Sarkawa da makiyaya da mafarauta da matan da ke tsinkar ganye. Baba bai taɓa riƙe alƙalami ba, amma ya san wane reshe ake bugawa, ya san shekarar kusu tun daga yadda haki ya yi iri. Sunayen tsirran da na jera a sama, yawancinsu wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya tattara su daga bakin kakanninmu ya buga a 1916, kuma har yau littafinsa ake buɗewa. Littafin D. C. D. Happold kan dabbobi masu shayarwa na Nijeriya ya fito tun 1987. Yanzu muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Tarayya a Gusau, da ta jiha a Talata Mafara, amma dajin da ɗalibansu za su shiga ya zama na 'yan bindiga. Ni kaina na daina kwana a tsibirin. Gonakin da aka gudu aka bari sun koma sarƙaƙiya, mutanen ƙauyuka da yawa sun sha kwana cikin haki don tsira da rai, kuma saran da aka yi a irin wannan dare ba ya shiga rajistar kowane asibiti.

Saboda haka kirana ga malaman makarantun sakandare na Gummi da Bukkuyum da Anka da Zugu ne, musamman masu koyar da ilimin halittu da aikin gona. Ba sai an shiga daji ba. A ajiye littafi guda a makaranta, a riƙa tambayar yara abin da suka gani a hanyar gona da bakin gulbi: ranar da shamuwa ta iso, watan da kusu ya addabi rumbu, wane maciji ya sari mutum, a ina, da wane lokaci, kaji ko agwagin wa suka mutu ba dalili. A rubuta da Hausa, da sunayen da iyayensu ke faɗi, a sa kwanan wata. A fara da ranar da ruwa ya rufe gumbi a bana.